Injin Jirgi a Ƙasar Tudu

Duk wanda ya san Magarya zai yi mamaki in aka ce masa akwai malamin makaranta a cikinta da ya ƙarar da hutun damina biyu yana gyaran injin jirgin ruwa. Kogi dai ba mu da shi. Abin da Allah ya ba mu Korama ce, wadda tsofaffi ke cewa a dā tana gudu, yau kuwa ta koma jerin tafkuna da fadamu, daga wajen Bande zuwa Waca har cikin ƙasar Dungas, inda ake noman rake da rogo da dankali, ruwa kuma yana kusa ƙwarai, har akwai wuraren da in mutum ya tona kamu biyu zai tarar da shi. Masuntanmu a kan gora suke kwanciya su shiga tafki, wanda ya ji daɗi a cikinsu shi ne mai ɗan kwale-kwalen da ake turawa da sanda. Saboda haka ranar da na sauke injin daga amalanke a ƙofar gida, wani maƙwabcina ya leƙo ya tambaye ni ko sabon injin markaɗe uwargida ta samu. Da na faɗa masa ko mene ne, sai ya yi shiru, ya dube ni irin duban da akan yi wa wanda karatu ya fara taɓawa.

Injin na Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. A shekarar 1984, wadda mutanenmu suka yi wa laƙabi da El-Buhari domin yunwarta ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da canjin kuɗinta, ya bar ƙauyenmu da ke kusa da Waca ya yi gabas. Ina da shekara huɗu a lokacin, ban riƙe komai na tafiyar ba sai abin da aka ba ni labari. Ya bi ta Gure da Maine har Difa, ya ƙetare Komadugu, ya sauka wajen Baga. Ba lokacin zuwa Tafkin Cadi ba ne ga mai neman ruwa: tafkin da a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, a tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, ɓangaren arewa kuwa, wanda ya shafi Nijar, ya ƙafe ƙurmus. Amma inda ruwa ya janye yakan bar ƙasa mai laima, kuma a kanta Kawu ya fara ƙodagon noman wake da masara. Daga nan ya koma ƙyafa wa wasu banda, daga ƙyafa ya shiga jirgin wani, har ya sassaƙa nasa. Injin ya saye shi hannu na biyu a Baga, bayan shekaru yana tari. Da ruwa ya komo ɓangaren arewa a ƙarshen shekarun 1990, sai ya bi shi, ya koma tsibiran da ke cin kasuwar Doro Lelewa, wajen Ngigmi.

Muna yara, zuwan Kawu gida shi ne sallarmu ta uku. Yakan zo da kwalin banda, tarwaɗa da ƙarfasa da bargi, ƙanshinsu ya cika gida har mako, ya kuma zo da labarai. Labarin da ya fi maimaitawa na injin ne. Yakan ce kafin ya same shi, kwana guda cur yake yi da sanda da filafili daga sansaninsu zuwa kasuwa, kifi ya yi laushi, dillalai su karya masa farashi don sun san ba zai koma da shi ba. Da ya same shi, sai ya yi sallar asuba a tsibiri ya yi walaha a kasuwa. Kuɗin littattafaina na shekarar farko a kwalej daga cikin kwalin bandan nan suka fito. Ban san haka ba sai bayan na girma, mahaifiyata ta faɗa mini.

A ranar 25 ga Afrilu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari tsibirin Karamga, suka kashe sojoji da farar hula da dama. Kwanaki kaɗan bayan haka hukuma ta ba mazauna tsibiran wa'adi su fice, mutane wajen 25,000 suka kwararo tudu, mafi yawansu a ƙasa, cikin zafin bazara, har wasu ƙishirwa ta kashe su a hanya. Kawu ya bar jirgi, ya bar koma da ƙugiyoyi da tukubar ƙyafa, ya bar bashin da yake bin mutane. Inji kaɗai ya kwance. Shi da ƙaramin ɗansa suka rataye shi a sanda, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar masu ɗaukar makara, ga shi nauyinsa ya kusa kilo arba'in. Na sha tambayar kaina abin da ya sa dattijon da ya haura sittin zai zaɓi ɗaukar ƙarfe maimakon ƙarin jarkar ruwa. Da na tambaye shi, cewa ya yi jirgi itace ne, duk inda aka je akwai masassaƙi.

Bai sake ganin tafki ba. An hana kamun kifi da cinikinsa a jihar Difa daga 2015, ba a ɗage hanin ba sai a 2019, lokacin kuwa ƙafafunsa sun riga sun gaza. A tsakanin nan babban ɗansa, wanda zaman ƙauye ya gundura, ya sulale ya koma cikin ruwa tare da wasu abokansa, tun daga ranar kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Injin ya zauna a kusurwar ɗaki, nannaɗe cikin tsohuwar tabarma, har Kawu ya rasu a 2021.

Ni ɗan mace ne, ba ni da gado a dukiyar kawu muddin yana da ƴaƴa maza. Da aka zo rabo, aka rasa yadda za a yi da ƙarfen da ba ya motsi, sai masu sayen tsofaffin ƙarafa suka taya shi a kan kilo, domin akwai sanholo mai yawa a jikinsa. Na ɗora a kan tayinsu na biya jika 25. Uwargida ba ta ce komai ba a ranar. Bayan kwana biyu ta tambaye ni, cikin ladabin da ya fi faɗa zafi, ko buhun geron da muka yi shawarar saye kafin ya yi tsada shi ne wannan da ke jingine a zaure.

Bari in bayyana wa mai karatu abin da ake magana a kai, don na san da yawa ba su taɓa ganinsa kusa ba. Bafaranshe yana ce masa « hors-bord », wato wanda ke wajen jirgi, domin ba a cikin jirgin ake girka shi ba, a katakon baya ake maƙala shi da dunƙulen ƙarfe biyu masu murɗawa, in an gama aiki a kwance a kai ɗaki. Sama akwai kai, inda wuta da mai suke haɗuwa. Tsakiya doguwar ƙafa, wadda sandar ƙarfe ke juyawa a cikinta. Ƙasa kuma ƴar akwatin haƙora da ke karkatar da juyin zuwa farfela. Wani mutumin Norwe da ya girma a Amurka, Ole Evinrude, yana cikin waɗanda suka fara ƙera irinsa suka sayar da yawa, a birnin Milwaukee wajen 1909, kuma sunansa ya zauna a kan injuna har 2020 da aka daina yin su. Na Kawu Yamaha ne, kamfanin Japan da ya fitar da injin jirginsa na farko a 1960, samfurin da ake kira Enduro, wanda aka yi domin masunta masu aiki kullum cikin ruwan laka, mai ƙarfin doki 15, da tukwane biyu. Irin injin nan ne mai bugu biyu, kamar tsofaffin babura masu hayaƙi: ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam, a cikin fetur ake gauraya shi, kashi ɗaya cikin hamsin, wato mililita 400 a jarka mai lita 20. Wanda ya manta da wannan gauraye sau ɗaya, ya gama da injinsa.

Shekara guda ban taɓa shi ba, tsoro nake ji. Ni mutumin alli ne da jan biro. Ban taɓa kwance abin da ya fi fitilar hannu ba. Da hutun 2023 ya zo, na ɗauke shi zuwa wurin wani makaniken babura da injunan ban-ruwa a bakin kasuwa, wanda kowa ya ce hannunsa yana da kyau. Ina isa ya miƙe tsaye ya cire hula, ya ce: « Mushe, sannu da zuwa. » Sai da na ƙura masa ido na gane shi. Ɗalibina ne na shekarun baya, yaron da ban taɓa ba shi abin da ya wuce sifiri a shifta ba, wanda ya faɗi birbe sau biyu aka sallame shi. Na tuna har abin da na rubuta a takardar sakamakonsa, kalma biyu na Faransanci masu nufin ba a sa ran komai daga gare shi. Shi bai nuna ya tuna ba. Ya sa yaransa suka kawo mini benci, ya zagaya injin sau biyu, ya kama faifan sama ya gwada juyawa, ya ƙi ko motsi. Ya ce: « Ya kafe, Mushe. Amma kafewar zama ce, ba ta ƙuna ba. In ta ƙuna ce da na ji wari. »

Maganin kafewar zama haƙuri ne, ba guduma ba. Ya cire buji biyun, ya kwantar da injin ramukan suna kallon sama, ya cika su da kananzir gauraye da baƙin mai, ya ce in koma da shi gida, kullum safe in ƙara, in kama faifan in girgiza shi hagu da dama a hankali, kada in tilasta. Kwana goma sha tara ina wannan. Bayan sallar asuba sai in tsuguna a zaure, in zuba, in girgiza, in ji shi kamar dutse. Yarana suka mayar da abin wasa, suna tambayata ko mara lafiya ya kwana lafiya. Ran na ashirin faifan ya gusa kamar faɗin farce. Ban taɓa zaton gusawar farce za ta sa mutum mai shekara arba'in da ƴan kai ya fita titi ba takalmi yana neman wanda zai gaya wa ba.

Da muka buɗe shi, muka ga abin da shekara takwas na zaman ɗaki ke yi. Zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin da iska ke shiga. Ɓera ya ci rigar wayar da ke kai wuta ga buji ɗaya. Tsohon fetur ya bushe a cikin karbiratar ya zama wani abu kamar ƙaro, ya toshe ƴan ramukan da mai ke bi, waɗanda ba su fi kaurin allura ba. Zobban pisto sun manne a cikin kwarinsu, sai da ya jiƙa su kwana uku ya ɓanɓaro su da farce da tsinken tsintsiya, yana riƙe numfashi, domin in ɗaya ya karye ba mu san inda za mu samo wani ba. Ramukan karbiratar kuwa da silin waya guda ɗaya ya bi su, ya hana ni kusantar su da allura, ya ce in ramin ya faɗaɗa ko kaɗan injin zai riƙa shan mai kamar raƙumi har abada. Takardar da ke tsakanin karbiratar da jikin injin ta yage. Ya karɓi bangon wani tsohon littafin rubutu daga jakata, ya ɗora ƙarfen a kai, ya bi gefensa da ƴar guduma har siffar ta fito, ya shafa mata mai. Bangon littafin nahawu ne na aji uku. Yana nan ciki har yau.

Aikina a wurin shi ne karatu. Na samo littafin gyaran injin da Faransanci a cikin waya, ina karantawa ina fassara masa, a nan kuma na gane iyakar sanina. Shekara ashirin ina koyar da harsuna biyu, amma ban san sunan ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke gabana ba, da kowanne daga cikinsu. Shi kuwa yana da suna biyu ga kusan kowane abu, domin Magarya a bakin iyaka take, kalmomin garejinta rabi daga Damagaram suka gangaro, rabi daga Kano suka hauro. Abin da wani zai ce buji, wani fulogi zai ce. Akwai kile akwai sifana, akwai esansi akwai fetur, akwai tano akwai duro. Yakan zaɓi kalma gwargwadon wanda yake magana da shi, ba tare da ya yi tunani ba, abin da mu a aji muke ba shi dogon suna muna zana shi a allo. Inda babu suna kuma, nan take yake raɗawa. Ƴar robar famfo mai fukafukai shida ya ce mata tauraruwa. Siririn ruwan da ke tsartowa daga bayan inji don shaida cewa famfo yana aiki ya ce masa fitsari, ya kuma yi dariya har da riƙe ciki da na gaya masa Faransawa ma abin da suke ce masa ke nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Na halarci tarurruka da yawa inda muke zaune a kan kujeru muna ƙirƙiro kalmomin kimiyya da fasaha, muna jayayya a kan ko za a ce kaza ko kaza. Ban tuna ranar da aka gayyato makanike ko ɗaya ba. A ganina kuskure ne babba, kuma ina cikin waɗanda suka yi shi.

Sau ɗaya tak na fi shi sani, shi ma ba daga littafi ba. Ranar da wuta ta fara tsalle a bakin buji, shuɗiya mai ƙara, murna ta ɗebe shi ya naɗa igiya zai ja, yadda yake yi wa injin ban-ruwa. Na riƙe hannunsa. Muryar Kawu ce ta faɗo mini, yana cewa injin jirgi kifi ne, ba ya rayuwa a tudu. Injunan da makaniken ya saba da su iska ce ke sanyaya su. Wannan kuwa ruwan da yake tafiya a kai yake zuƙa ta ƙafa, tauraruwar nan ta tura shi sama ya zagaya tukwane ya fito. In aka tayar da shi a bushe, robar takan ƙone cikin ƙasa da minti guda, daga nan zafi ya cinye sauran. Da muka kwance ƙafar muka duba, ashe ma babu abin da zai ƙone: fukafukan sun bushe sun karairaye, biyu sun ɓace cikin bututu, sai da muka hura su suka fito.

Wannan ƴar roba da ba ta cika tafin hannu ba ita ta tsayar da mu shekara guda. Ba mai sayar da ita a Magarya, ba a Damagaram. Hankalina ya tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake cewa in ka rasa ƙarfe a can to ba a ƙera shi ba. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Kafin nan ma, tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kwalaben ƴan ruwa-ruwa da muka saba saye da araha a bakin hanya suka yi tsada, har lita biyar ɗin gwaji ta zama abin lissafi. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Maigatari ran Alhamis ya karɓi jika 6 ya kawo mini wata roba da ya rantse ita ce, ta zo ta fi gidanta girma. A ƙarshe wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Yamai ya bi masu jiragen bakin kogi da hoton tsohuwar a waya, ya samo ta a jika 9, ya sako ta cikin ambulan a motar fasinja. Shi ne kuma ya tambayo mini kuɗin sabon inji irin wannan, aka ce masa ya haura miliyan ɗaya na sefa. Da na tara duk abin da na kashe, da kuɗin saye da buji da tiyo da igiya da man akwatin haƙora da robar da ba ta yi ba, bai kai jika 70 ba. Makaniken ya ƙi karɓar ko dala. Na matsa masa, ya ce: « Mushe, ai kun koya mana. » Na rasa inda zan sa fuskata.

A cikin wannan shekara ta jira ne matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta zo gari ganin likita ta sauka a gidana. Ta ga injin a zaure, an wanke shi, an ɗaure shi a jikin katako. Ta daɗe tsaye. Da dare, bayan yara sun kwanta, ta ce:

« Ɗan nan, wai da gaske ƙarfen nan zai tashi? »

Na ce: « In Allah ya yarda, Inna. »

Ta ce: « To. Ni dai ban sa shi cikin addu'ata ba. »

Sai a lokacin na ga abin da ke gabana tun farko ban gani ba. Ƙaramin ɗanta, taubashina, wanda ya ɗauko injin tare da mahaifinsa, tun da ya ji ina gyara yake yawan zuwa gari. Yakan shigo da wasan da ke tsakaninmu, ya ce bawansa ya kyauta da yake yi wa ubangidansa gyara kyauta, in ce masa bawa dai shi ne wanda ya ɗauko kaya a kafaɗa tun daga Ngigmi. Muna dariya, amma idonsa yana kan injin. A tafki aka haife shi. Gonar da ya gada ba ta ciyar da gidansa wata biyar, domin ƙasarmu ta cika da mutane, gonaki sun tsattsage wurin rabo har sun koma kamar tabarmi. Abokansa da suka koma ruwa bayan 2019 suna aiko da kuɗi. Suna kuma faɗa, in an matsa musu, cewa akwai wuraren da ba a jefa koma sai an biya masu bindiga, akwai kuma waɗanda suka shiga ba su fito ba. Ni ina wasa da ƙarfe don in huta da gyaran takardun jarrabawa, in kuma biya wani bashi da nake ji a raina. Shi jari yake gani. Ita kuwa tana ganin abin da zai ɗauke mata ɗan da ya rage.

Ya tashi ran wata Asabar cikin Agustan 2024, a cikin tano cike da ruwan rijiya, a tsakar gidana. Ja na farko shiru, na biyu shiru, na biyar ya yi tari, na bakwai ya kama da wata ƙara da ta kori kaji har gidan maƙwabta, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe gidan, ruwa yana tafasa cikin tano yana fallatsa mana. Makaniken bai dubi kowa ba, ya tsuguna a baya yana jira. Daƙiƙa kamar goma, sai ga fitsarin ya tsarto, siriri, mai ƙarfi. Ya tara hannu ya ji ɗuminsa, ya ɗaga kai ya ce lafiya lau. Uwargida tana bakin madafa da ludayi a hannu, na ga tana murmushi, ko da yake daga baya ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Daminar nan kowa ya san yadda ta kasance. Ruwa ya yi ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba a ƙasar nan, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe a ranar 3 ga Satumba, aka kuma ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba domin azuzuwa da yawa sun cika da waɗanda gidajensu suka faɗi. A wajenmu tafkuna suka haɗe da juna, rake ya nutse har wuya, hanyar da ke tsakanin ƙauyenmu da gonakin ƙetare ta koma ruwa. Ƙarin hutun nan ya ba ni abin da ban taɓa tsammani ba, wato wurin gwaji. Muka ɗora injin a amalanke zuwa ƙauye. Wani masunci ya ba mu aron kwale-kwalensa, kafinta ya buga masa katako mai kauri a baya. Ni na zauna a tsakiya na riƙe gefe da hannu biyu, don ban iya iyo ba. Taubashina ne ya karɓi sandar tuƙi, ba wanda ya ce masa ya karɓa.

Ban taɓa ganinsa haka ba. Mutumin da na sani da sanyin jiki, mai tafiya kamar an tilasta masa, ya miƙe a bayan jirgi da ƙafa ɗaya a kan katako, yana karanta ruwan da ido, yana kauce wa kututturen giginya da ke ɓoye tun kafin mu gan su. Doki 15 ya yi wa ɗan kwale-kwalen yawa, bai buɗe mai ko rabi ba. Sau biyu kacalla ta naɗe farfela, ya kashe, ya ɗaga ƙafar injin, ya warware da hannu, ya sake ja sau ɗaya ya kama. Kwana tara muka yi muna ƙetarar da mutane da dammunan gero da ba su jiƙe ba, da wata mai naƙuda da aka kai bakin hanyar mota cikin minti ashirin maimakon zagayen rabin yini. Kowa yana sa abin da ya samu na mai. Inna ba ta zo bakin ruwa ko sau ɗaya ba, amma ƙarar tana isa har ɗakinta.

Daren da za mu komo gari ya same ni a waje, ba wasa a bakinsa. Ya ce in sayar masa, zai biya a hankali, ko in ba shi haya, ko mu yi tarayya ya riƙa aiko mini da rabona. Ya ce shi ya ɗauko shi a kafaɗarsa, har yau in sanyi ya yi wurin yana masa ciwo. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. A shari'a injin nawa ne, na biya a gaban shaidu. Amma na san jika 25 ba su ne kuɗin tafiyar nan da suka yi da shi a sanda ba, na kuma san ba ni da wani amfani da zan yi da shi da ya wuce in tayar da shi a tano in ji ƙara. In na hana shi, na hana magidanci sana'ar ubansa don in ajiye abin wasa. In na ba shi, ni ne zan shiga ɗakin Inna in zauna a gabanta duk ranar da waya ta daina shiga. Na ce masa ya ba ni lokaci. Ya ce ruwa ba ya jiran malamai.

Da safe muna ɗaure kaya, sai Inna ta aiko yarinya ta kira ni. Ta ce ta ji an ce akwai wani abu a ƙasan injin mai kama da ganye uku, wanda in babu shi ba ya tafiya. Na ce akwai. Ta ce tana so ta gani. Na zare ƴar kusar, na kwance noti, na kawo mata farfelar a hannu, gefenta duk ya cinye da yashin tafkin da ban taɓa gani ba. Ta juya ta, ta shafa, ta naɗe ta cikin wani tsohon zane, ta buɗe babbar tukunyar da take ajiye kayan aurenta ta sa a ciki ta rufe. Ba ta roƙe ni ba, ni ma ban ce ta mayar mini ba.

Injin yana zaurena. Duk ran Juma'a bayan la'asar nakan cika tano in tayar da shi minti biyar don kada ya sake kafewa, sandar ƙasa tana juyawa tsirara cikin ruwa ba ta tura komai. Taubashina bai daina zuwa ba, wasan ma ya komo. Watan jiya makaniken ya tsayar da ni a bakin kasuwa, ya ja ni gefe, ya ce yana ganin ya kamata in sani: mutumin ya zo wurinsa da tsinken kara, an karya shi daidai kaurin sandar farfela, yana tambaya ko akwai wanda ya sani a Yamai.